Addu'ar da Laure Ta Shafa

Ranar da Barnaba zai kawo budurwarsa gida, tun da safe Mama Rifkatu ke kai da kawowa a tsakar gida. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuɓewa, ta fito da kwanukan tangaran da ba sa ganin rana sai lokacin Kirsimeti. Barnaba ne autanta, malamin lissafi a wata sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma bakinta ya gaji da tambayarsa yaushe zai kawo mata suruka.

Yarinyar ta shigo kanta a sunkuye, ta durƙusa har ƙasa. Laure ke nan, tela a unguwar Nasarawa, mai waƙa a kwayar cocinsu.

"Ina wuni, Mama? Mun iske ku lahiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tashi ki zauna. Tunda ke ce baƙuwa, yi mana addu'a mu ci abinci."

Laure ta buɗe tafukan hannunta, ta gode wa Allah don abincin da hannun da ya dafa shi, ta rufe cikin sunan Yesu. Kowa ya ce amin. Sai ta ɗaga tafukan nan ta shafa a fuskarta. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Ludayin da ke hannun Mama ya tsaya cak a kan tukunya.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wanne, Mama?"

"Shafawar nan da kika yi!"

"Kakata ta, Inna, can Argungu," in ji Laure a hankali. "Tun ina ƙarama."

Daga nan tambayoyi suka ɓarke, tuwo yana hucewa. Laure ba ta ɓoye komai ba. Mahaifinta Hodi masunci ne, Musulmi, ya rasu tana 'yar mitsitsiya. Mahaifiyarta Saratu Kirista ce daga ƙasar Zuru, ita ta dawo da ita Birnin Kebbi ta raine ta a coci. Da ta girma, da bakinta ta nemi a yi mata baftisma. Bara waccan Saratu ta rasu, ta bar ta ita kaɗai da keken ɗinki.

Mama ta nuna wani tsohon hoto a bango. "Kin ga wancan? Mahaifina ne, Malam Ayuba. Shi aka fara yi wa baftisma a ƙauyenmu kaf. Gidan nan ba jiya muka shiga coci ba." Ta rufe tukunyar miya. Laure ta ci loma biyu da kyar, ta yi godiya ta tafi.

Ƙafarta ba ta gama fita zaure ba Mama ta juyo kan ɗanta.

"Duk 'yan matan cocin nan, ka rasa wadda za ka kwaso sai mai shafa addu'a?"

"Haba Mama! Kin ji da kunnenki cikin sunan wa ta roƙa—"

"Na ji bakinta, na kuma ga hannunta! Ƙafarta ɗaya a coci, ɗaya a Argungu. Ranar da kuka haihu za ka ga mutanen bakin gulbi sun cika mini gida, sun ce jininsu ne. In da gaske tamu ce, dangin ubanta su zo su faɗa da bakinsu cewa sun sallama ta. In ba haka ba, ba da yawuna ba!"

Barnaba yaron kirki ne, amma irin kirkin nan da ke son a rabu lafiya ko da gaskiya za ta kwana a waje. Washegari ya je shagon Laure da dabararsa a shirye.

"Filis, Laure, ba wani babban firoblem ba ne. Ki daina shafawar nan. Ki ɗauki sunan coci, a riƙa kiranki Alheri. Duk wanda ya tambaya, ki ce ke 'yar Zuru ce, ai ba ƙarya ba ne gaba ɗaya."

"Ubana fa? In binne shi karo na biyu?"

"Na ɗan lokaci ne kawai, har Mama ta sauko. In kina sona..."

Tana sonsa, abin da ya cuce ta ke nan. Ta ce to.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Argungu. Ta iske Baffa Sahabi, ƙanen mahaifinta, a gindin itacen bedi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Da ya gan ta ya yar da zaren, ya ƙwala wa matarsa kira a soya kifi. Sai da ta ci ta ƙoshi ya bari ta faɗi abin da ya kawo ta. Da ta gama, ya girgiza kai.

"Ɗiyata, jinin Hodi na jikinki, ba ni musu. Gidanga naki na, duk sa'ad da kika zaka a buɗe maki. Ban taɓa tilasta maki komi ba, ba kuma yau za ni hwarawa ba. Amma in tahi gaban mutane in ce na sallama ɗiyar wana? Mi za ni hwaɗa mashi ranar da munka gamu? Wagga magana ta hi ƙarhina."

Ta ga hawaye a gemunsa, ta kasa ko jin haushinsa. A hanyar dawowa motar ta bi ta gefen fadamar shinkafa, ita kuwa tana ta kuka cikin mayafi. A Argungu ita ce ɗiyarsu da ta tafi coci. A gidan Mama ita ce 'yar masunta da ta laɓe a coci. Kowa ya san abin da ba ita ba ce, babu mai gaya mata ko ita wace ce.

Haka ta zama Alheri. Sai a kira sunan sau biyu kafin ta tuna da ita ake. In an ce a yi addu'a, sai ta sarƙe yatsunta ta matse su tsakanin gwiwoyi har su yi tsami. Hankalinta duk yana kan hannu, kada su tashi su tona mata asiri. Ana cewa amin sai ta tarar ba ta ce wa Allah komai ba. Yarinyar da ke hira da Ubangijinta ko a kan keken ɗinki, ga ta ta zama mai gadin hannuwanta. Kuma duk wannan wahala a banza, don Mama ita ce shugabar zumuntar mata, labarin ya riga ya zaga. In Laure ta rufe ido, akwai idanu goma a buɗe suna jiran su ga me za ta yi.

Ta rame, muryarta ta dushe a kwaya. Har ta fara tambayar kanta ko Mama ce mai gaskiya, ko ita baƙuwa ce da ta zauna a kujerar da ba tata ba.

Ana nan sai ga Lahadin Jibin Ubangiji. Jama'a suka yi layi zuwa gaba, Allah kuma ya sa Mama Rifkatu ce a gabanta. Laure na kallo Mama ta durƙusa, ta miƙa tafin hannunta a buɗe, Fasto ya ɗora mata gutsuren gurasa. Hannun babu komai a cikinsa. Babu hoton Malam Ayuba, babu shugabancin zumunta. Da layi ya zo kanta ita ma ta buɗe nata, aka ɗora mata daidai irin wanda aka ba Mama, ba a rage ko ɓarɓashi ba. Wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinta ya kwance. Ta koma kujerarta tana hawaye, ta yi addu'ar da ta daɗe ba ta yi irinta ba.

Bayan an tashi, Fasto da dattawan ikilisiya suka kira Laure da Barnaba da Mama ofis, kamar yadda aka saba kafin a yi sanarwar aure. Mama ba ta jira an ba ta dama ba.

"Ni ban yarda ba! Ba mu san asalinta ba, danginta sun ƙi zuwa, sunanta ma yau wannan gobe wancan!"

Fasto ya dubi yarinyar. "'Yata, gaya wa dattawa sunanki."

Barnaba ya ɗan taɓa ta da gwiwar hannu, leɓɓansa suna motsi: Alheri, Alheri. Laure ta sauka daga benci ta durƙusa.

"Sunana Laure Hodi. Ubana masunci na, Musulmi, mutumin kirki, ba ni jin kunyatai. Na amsa wani suna don tsoro, ku gahwarce ni. Mama, gaskiya kunka hwaɗi, ba ni da asali cikin coci. Ba ni da kakan da zan nuna a bango. Hannu wohi niz zo ma Yesu, shi ko bai tambaye ni ɗiyar wa ta ba, yak karɓe ni. Ba don na iya riƙe hannu daidai ba, don alherinai na. In an hana ni Barnaba zan yi kuka, Allah ya sani ina son shi. Amma ba ni ƙara sayen shi da ƙarya."

 Fasto ya gyara tabarau ya ce a hankali, "Mama Rifkatu, na ji tsofaffi suna cewa ranar da Malam Ayuba ya shiga ruwan baftisma, ko mutum ɗaya daga gidansu bai zo ba. Shi wa ya tsaya masa?"

Mama ta miƙe. "Barnaba, tashi mu tafi!"

Barnaba ya tashi, Laure ta runtse ido. Sai ta ji motsi kusa da ita. Ashe durƙusawa ya zo yi a gefenta.

"Mama, ki yafe mini, ba zan bi ki ba yau. Ni na sa ta canza suna, ni ne matsoracin. Sori, Laure."

Mama ta fita ta buga ƙofa.

An ɗaura auren bayan girbin shinkafa. Kada wani ya ce muku daɗi ne zalla. Kujerar uwar ango ta wuni babu kowa, ango ya yi ta waiwayen ƙofa har aka tashi. Daga Argungu ma ba wanda ya zo, sai dai wani direba ya sauke kwandon busasshen kifi a ƙofar gida, ya ce wani dattijo ne ya ba shi, bai haɗa da wata magana ba.

Kowace Lahadi Laure sai ta je ta durƙusa ta gaida Mama. Wata rana a amsa da ka, wata rana a juya mata baya. Ta share tsakar gida, ta ɗinka mata zane, ta koma gida ta yi kukanta. Ba ta fasa ba, ba ta kuma ƙara roƙon a so ta ba.

Damina biyu suka wuce a haka. Sai aka yi rasuwa a ƙauyen su Mama, dangi duka suka tafi. Laure na tsugune tana wanke tukwanen makoki, wata tsohuwa ta ji irin Hausarta ta tambaya da ƙarfi, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?"

Mata suka juyo suna kallon Mama. Mama ba ta ɗaga kai daga wake da take tsincewa ba.

"Laure ce, matar Barnaba. Tamu ce."

Laure ta ji daɗi, ƙarya ne a ce ba ta ji ba, har hawaye ya ɗiga cikin ruwan wanke-wanken. Amma ta yi mamakin yadda zuciyarta ba ta yi tsalle ba. Kalmar da ta taɓa yarda ta jefar da sunan ubanta don ta ji ta, ga ta ta iso, ta tarar alherin Allah ya riga ta.

'Yan'uwana matasa, ku riƙe wannan. Haƙuri yana biya, ko da ya biya a makare. Amma kada ku jira bakin mutum ya gaya muku ko ku su wane ne, don mutum yana iya riƙe kalma ɗaya shekaru yana azabtar da ku da ita. Wanda alherin Allah ya karɓa ya riga ya sami gida, ko dangi sun zo biki ko ba su zo ba.