Gashin Bayan Kunnen Sesimani

"Ba za a taɓa kanta ba!" Gwaggo Losaline ta faɗa, ta ture takardar asibitin gefe.

Sesimani ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma fuskar gwaggon ta ishe ta bayani.

Tun tana shekara goma ciwo ya cinye mata ji. Na'urar da ake cusawa a kunne kuwa ruwan kunne take tayar mata. Likitocin birnin Auckland na ƙasar New Zealand suka ce za su dasa wata a ƙashin bayan kunne, sauti ya bi ta ƙashi ya isa ciki. Amma sai an aske wurin.

A wajenmu mutanen tsibirin Tonga, 'ya ba ta yanke gashinta sai a makokin ubanta, kuma 'yar'uwar uban ce ke riƙe almakashi. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata. Uban Sesimani kuwa yana kwance yana jinya.

Kalolaine, wadda ta daɗe da sa ido a kan Manase, saurayin Sesimani, ita ta gaya wa gwaggo wai kan za a aske ƙwal. Ta kuma je ta tambayi uwarsa ko kurma za su kawo gida.

"Ka aure ta kawai, Manase..." Sesimani ta ce cikin kuka. "Ita tana jin ka."

Ya rubuta mata a waya: "Kalolaine har abin da ba a faɗa ba tana ji. Ke nake so, hasken idona."

Ranar Asabar ya zo gidansu da tabarma da saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a taron al'ada, kamar yadda mai roƙo ke zuwa, ya zauna a ƙasa.

"Gwaggo, ba gardama na kawo ba. Faɗin yatsa biyu za a aske."

"Ko sili ɗaya ne! Ƙanena yana numfashi, ku yi masa makoki?"

Ya fito da maɗaurin gwaji mai ɗauke da irin na'urar, wanda asibiti ya ara musu. Sesimani ta ɗaura a kanta, ta juya baya.

"Ki kira ta, Gwaggo. A hankali."

Tsohuwar ta kira sunan can ƙasa.

"Sesimani..."

"Na'am!"

Daga ɗakin ciki muryar majinyacin ta biyo, siririya: "Ɗiyata... kin ji ni?"

Ta ruga ta durƙusa gaban gadonsa.

Gwaggo ta juyo wajen Manase.

"Al'ada ta ba ni almakashin nan," ta ce. "Ba baƙon da zai riga ni. Ni zan yanke, ubanta yana kallo, da yardarsa."

Haka aka yi da safiyar aikin.

Raunin ya kumbura, ya ɗauki mako shida kafin a liƙa na'urar. A cikin taro har yau magana tana cakuɗe mata, ba zan ɓoye ba. Amma ta yi wata huɗu tana hira da ubanta kafin ya rasu, ya kuma halarci ɗaurin auren a keken marasa lafiya.

Da fasto ya tambayi ango ko ya yarda ya aure ta, Manase ya amsa can ƙasa.

"Ɗaga murya, ango!" wani ya yi tsokana daga baya.

"Ku bar shi," in ji Sesimani, hawaye na zuba. "Ni aka faɗa wa, kuma na ji."