Layi Biyu a Rami Ɗaya

Ƙarfe tara na safe intanet ɗin rabin gari ya ɗauke. Kafin goma, manajan kamfanin da ke raba shi yana gaban Sufeton 'yan sanda, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yallaɓai, daga manyan kamfanoni biyu muke janyo intanet, don in layi ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe mu. Yau duk biyun suka mutu a minti ɗaya."

"Hanyarsu ɗaya?"

"Haba! Kowanne da tasa. Ga taswira."

Taswirar kam ta yi kyau a takarda. A ƙasa kuwa, Sufeto ya tarar da wayoyin biyu kwance a rami ɗaya ƙarƙashin gada, an datse su. Ba a ɗauki ko taku guda na wayar ba. Mai yankan har ya naɗe bakin kowace da tef, kada datti ya shiga.

"Ɓarawo ba ya tausayin waya haka," in ji Sufeto. "Wa ya san sun haɗu a nan?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Sai dai Baba Injiniya da ya shimfiɗa su. Bara muka sallame shi, shekaru sun ja."

Sufeto ya sami Baba Injiniya a falonsa cikin rigar aiki da ta sha guga, jakar kayan gyara a gefen ƙafarsa, wayar salula a kan gwiwa.

"Ni ban ma san an samu matsala ba," in ji tsohon.

"To wannan shirin fa, Baba?"

Matarsa ce ta amsa daga ƙofar kicin, ba ta san ta tona shi ba. "Tun da ya dawo da safe yake zaune haka, ɗana. Ko shayi ya ƙi sha, wai za a kira shi."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Shekara sha tara, in layi ya faɗi ni ake nema. Yanzu ko gaisuwa babu. Wallahi kewar ɗakin injinan nan nake, har sanyinsa. Na ce in biyun suka faɗi tare, dole su tuna da ni."

Tausayi ya kama Sufeto, ya bar ankwa a aljihu, ya ce masa su tafi ofis. A bakin mota tsohon ya tsaya.

"Yallaɓai, har yanzu ba su samu mai haɗawa ba, ko?"

"Sun gyara, Baba. Tun sha biyu."

Baba Injiniya ya kashe wayarsa, ya miƙa wa matarsa, ya shiga mota.