Ruwan Baba Filibus

A can wani zamani, a wani ƙauye, tsohon soja Baba Filibus ya rasu. Da shekara ta zagayo, aka ce jikarsa Rifkatu ta ba da tarihinsa a coci. Ita kuwa labarin yaƙi take so.

Ta tambayi kakarta, "Kaka, mutum nawa ya kashe?"

"Oho! Ni dai kullum in ya idar da addu'a, sai ya ɗebo mini ruwa."

Ta tambayi fasto, ya ce, "Shi ke share coci, ya ɗebo ruwa."

Ta tambayi Habila, gurgun da suka yi yaƙi tare, ya ce, "Da aka harbe ni kowa ya gudu. Shi ya dawo mini da ruwa."

"Haba! Ruwa, ruwa, sai ka ce ɗan garuwa!" Rifkatu ta ja tsaki, ta ƙudurta za ta ce mutum ɗari ya kashe.

Ran Lahadi ta miƙe, suka haɗa ido da Habila, sai ta fasa yin ƙaryar. Cikin takaici ta ce, "To, duk wanda kakana ya taɓa ba ruwa, ya tashi!"

Ba wanda ya rage a zaune, har gurgun.