Bahagon Tasalla

Tun da hantsi Tasalla ke shara da yayyafi a tsakar gidansu da ke unguwar Umbadda a ƙasar Sudan, har Gwaggo Uwa, yayar mahaifinta, ta gaji da kallonta.

"Ke 'yar nan, sai kin share ƙasar ta ƙare? Saurayi ne zai zo ko gwamna?"

Tasalla ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Yau ne Salahuddin zai zo gaida mahaifinta, Malam Zainul'abidin, wanda duk unguwa ke kira Baba Zainu, mai sayar da albasa a kasuwar Suk Libya. Shi Salahuddin gyaran rediyo da lasifikar mota yake yi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, yaro mai kunya, ba ya shan ko sigari. Aibinsa ɗaya a idon duniya: bahago ne.

Ita dai Tasalla ta san labarin hannun nan. Yana ƙarami ana ɗaure masa shi a ƙugu da igiya lokacin cin abinci, har ya koyi ci da dama, ya kuma koyi jin kunyar kansa. Sai wata rana cikin tarkacen da ake sayarwa a kasuwa ya tsinci tsohon faifan garmaho, faifan farko na wani baƙin Ba'amurke mai kaɗa jita a shekarun sittin. Da ya bincika aka ce masa mutumin bahago ne, jitar masu dama ya samu, ya kife ta ya kaɗa abinsa, duniya ta tsaya tana saurare. Ranar da ya saka mata kiɗan a kunne ta waya, ta zabura ta ce, "Wannan ai faɗa ake yi!" Ya ce, "Yi haƙuri kaɗan, ya Tasalla." Ta yi haƙurin, sai ga jitar ta sauko tana magana a hankali, har tsikar jikinta ta tashi. Tun daga ranar ta san ta kamu.

Bayan la'asar ya iso cikin farar jallabiya, gumi na tsatstsafo masa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, Baba Zainu har ya fara sakin fuska. Tasalla ta kawo jabana, 'yar butar gahawa, dattijon ya tsiyaya gahawar a finjali da kansa ya miƙa wa baƙo don girmamawa. To shi hannun Salahuddin yana da wani hali, in tsoro ya kama mai shi sai hagun ya riga daman fita. Kafin ya ankara, finjalin yana hannunsa na hagu!

Baba Zainu ya bi hannun da kallo. Gwaggo Uwa daga bakin ɗaki ta ce, "La'ilaha illallahu!"

"Ma'alesh, yi haƙuri Baba, wallahi ban..."

"Sha gahawarka, yaro," in ji dattijon. Ba a jima ba baƙon ya yi sallama ya tafi.

Ƙofa na rufuwa Gwaggo ta buɗe wuta. "Hannun tsarki ya miƙo maka, Zainu! A gidanka! Ga shi an ce makaɗi ne. Gobe ta haifa mana bahagwai cike da gida, mu ce me wa dangi can ƙauyenmu a Jazira?"

Tasalla ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, tsoro ne ya kama shi. Da dama yake cin abinci, na rantse."

"Wanda bai iya karɓar abu daga hannun babba ba, ba zan ba shi 'yata ya riƙe ba. Halas, magana ta ƙare. Kada na sake jin sunansa."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ba mugu ba ne Baba Zainu, kada ku ɗauka haka. Shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, da hannunsa na dama ya tsinci auduga a Jazira, da shi ya gina ɗakunan nan na jan bulo, kuma a ganinsa mutuncin mutum a hannunsa yake. Salahuddin ya aiko mata cewa zai jira. Ta amsa masa ita ma za ta jira, amma ba za ta sake tsayawa da shi a bayan idon Baba ba. Samari suka yi ta turowa tana cewa ba ta shirya ba, dattijon kuwa bai matsa mata ba. Haka damina ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Wata safiya aka kawo Baba Zainu daga kasuwa a raksha, keke mai ƙafa uku, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya buge shi. Daga asibiti ya dawo da ransa, amma hannun daman ya mutu, yana kwance kan cinyarsa ba motsi.

Nan sabon tashin hankali ya taso. Ya ƙi yarda a ba shi abinci a baki, wai shi ba jariri ba ne, ya kuma ƙi ci da hagu. Liman ya zo ya ce, "Malam Zainu, lalura ce, Allah bai ɗora maka abin da ba ka iyawa ba." Ya kau da kai. Sai ruwa da ɗan shayi, su ma sai Tasalla ta yi kuka tukun. Mutum ya rame a kan angareb, gadonsa na igiya, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, tsoro ya cika ta, don ta ga mahaifinta yana tafiya tana kallo.

Abin mamaki, Gwaggo Uwa ce ta ce, "Kira bahagon naki, shi ya san kan hagu. Ko me zai yi ya zo ya yi."

Ya zo da rana tsaka, rungume da garmahonsa da lasifika biyu. Baba Zainu ya juya fuska bango. Salahuddin ya gaishe shi, sannan ya ajiye lasifika ɗaya wajen kan gadon, ɗaya wajen ƙafa, ya goge faifan da hannun rigarsa, ya ɗora allura.

Ƙarar ta tashi kamar lori mai hawa tudu da kaya. Gwaggo ta toshe kunne. "Wane irin kukan aljanu ne wannan?" Jitar ta yi ruri, ta yi ƙara, ta gudu daga wannan lasifika ta faɗa waccan ta dawo. Can sai ta yi sanyi, tana kuka siriri, tana jan kowane sauti kamar ba ta son rabuwa da shi. Tasalla ta ga yatsun Baba na hagu suna motsi a kan katakon gado. A hankali ya juyo.

"Mutum... nawa ne?" Maganarsa ta fito da kyar.

"Su uku ne, Baba, amma jitar mutum ɗaya ne. Bahago ne irina. Kafin faifan nan mutane ba su san jita na iya wannan ba."

Dattijon ya daɗe yana saurare. "Da hagu?"

"Da hagu, Baba. Allahn da ya yi daman shi ya yi shi."

Tasalla ba ta jira an ce mata ba, ta ruga ta ɗauko asida, tuwonsu na can, da miya. Salahuddin ya zauna a gefen hagun dattijon, ya gutsiro loma ya nuna masa yadda ake murza ta, yadda babban yatsa ke tura ta. Baba Zainu ya yi bismilla. Lomar farko ta faɗi a kan jallabiyarsa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya kai masa taimako. Ya sake gutsirowa, miya na bin gwiwar hannunsa, har ta shiga baki. Ya haɗiye, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Gwaggo Uwa ta shige ɗaki tana fyace hanci, wai hayaƙin gawayi ne ya dame ta.

Sai da ya ci rabin kwanon sannan ya dubi saurayin. "Na wulaƙanta ka kan finjali ɗaya, ɗana. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Ya ɗaga hannunsa na hagu, da sauran miya a jiki, ya miƙa masa. Salahuddin ya durƙusa ya karɓe shi da hannu biyu.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Tasalla ta samu wanda take so ba tare da ta taka mahaifinta ba, haƙurinta ya biya ta. Ku kuma iyaye, ku daina raina halittar da Allah ya yi wa ɗan wani, don babu wanda ya san da wane hannu zai ci tuwon tsufansa. Baba Zainu har yau da hagu yake ci, kuma in surukinsa ya zo ba ya barinsa ya zauna sai ya ce, "Saka mana bahagon nan."