Ranar da Kwamfutar Yaya Ta Yi Shiru

A Gure akwai wata yarinya mai rawar kai. Yayanta Fadilu ba ya gani. Wata tsohuwar kwamfuta ce take karanta masa darussan lakwal, wato makaranta, da murya.

Ran nan Kawu Burahima, mai gyaran kwamfuta, ya zo gida. Ya ce na'urar ta yi nauyi, zai sake gina ƙwallon tsarinta. Ƙwallon nan shi ke haɗa allo da maɓallai da murya.

Tambayoyi suka fara fitowa a allo, kan ko a sa wannan abu ko wancan a sabon ƙwallon. Sai aka kira la'asar.

"Ɗiyata, zauna nan," in ji Kawu. "Duk tambayar da ta fito, danna wannan babban maɓallin. Ma'anarsa, a bar abin yadda yake."

Yarinya ta danna, ta danna, har ta gaji. Ba ta gane tambaya ko ɗaya ba, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

"Ai nauyi ta yi," ta ce a ranta. "Bari in rage mata kaya."

Ta shiga danna harafin da ke nufin a'a.

Kawu ya dawo daga masallaci, bai lura ba. Ya bar na'urar tana gini, ya tafi ƙauyukan Kelle, inda waya ba ta shiga.

Washegari Fadilu ya kunna. Shiru.

"Ƙanwata, me kike gani?"

"Rubutu na nan, Yaya."

"To me ya hana ta magana?"

Ga jarrabawa mako mai zuwa. Inna ba ta karatun Faransanci. Yarinya ta gwada karanta masa, manyan kalmomi suka gagare ta.

"Bar shi," Fadilu ya ce a hankali. "Bana ta wuce ni."

Ya daina fita, ya daina raha. Baƙin ciki ya hana yarinya cin tuwo. Ta je wurin Inna tana kuka.

"Inna, ni ce. Ni na cire muryar."

"Kin ji abin da Kawunki ya ce?"

"Na ji."

Inna ta juya ta ci gaba da aikinta, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Ana jibi jarrabawa, Kawu ya dawo. Yarinya ta faɗa masa gaskiya.

"Allah ya taimake mu, ban jefar da tsohon ƙwallon ba," ya ce.

Ya zaɓe shi, ya kunna. Murya ta tashi tana karatu. Fadilu ya yi dariya, ya lalubo kan ƙanwarsa ya dafa.

"Ɗiyata," in ji Kawu, "abin da ba ki san amfaninsa ba, ki bar shi yadda kika same shi. Wataƙila shi ne idon wani."