Jaririn Ƙarƙashin Bututu

An ɗauke wuta bayan isha'i, muna zaune kan tabarma a tsakar gida. Yaya Lantana, 'yar kawuna, ta ce mu matso.

"Ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru."

Lokacin ita ke dama kunu a kicin ɗin wata makarantar kwana. Tukunyar ba irin tamu ba ce. Ta lantarki ce, ta kai wa mutum ƙirji, bango biyu gare ta, kamar an saka tukunya cikin tukunya. A tsakani akwai ruwa. Lantarki ya tafasa ruwan, tururi ya zagaye ta cikin, kunu ya dahu ba ƙauri. Amma in iska ta shiga tsakanin, sai tukunya ta ƙi zafi. Dole a ja wani zobe a gefe, iska ta fita, tururi ya biyo ta da huci. Bututun fitarsa ya ratsa bango, bakinsa na kallon ƙasa a bayan kicin.

Daga nan ta ƙara yin ƙasa da murya.

"Wata asuba na zagaya baya, ina goye da 'yata Hanne. Sai ga mace a tsugune, a lulluɓe. Tana kwantar da jariri daidai ƙarƙashin bututun. Na ce, 'Baiwar Allah, nan wuta ke fita.' Ta ce, 'Ɗumin bangon nake so masa.' Muryar kamar daga cikin randa. Na kalli ƙasa. Yatsun ƙafarta baya suke kallo."

Ƙanwata Uwani ta ƙanƙame ni. "Yaya, ba ki ruga ba?"

"Da wace ƙafar, sarkin tsoro? Matar ta ce, 'Ke ce mai tukunya?' Na ce ni ce. Ta ce, 'In za ki ja zoben, ki ƙwanƙwasa bango, ki yi bismillah da ƙarfi, in ɗauke shi. Na ga ke ma da goyo. Abin da ya taɓa nawa zai taɓa naki.'

"Na kiyaye. Kullum sai na ƙwanƙwasa, na saurara, sannan in ja. Mutum ɗaya na gaya wa: Tabawa. Aminiyata ce, ni na samo mata aikin wanke-wanke, kwano ɗaya muke ci. Ta dafa ƙirji ta rantse. Ashe tukunyar take wa ido.

"Ran nan Hanne ta ɓata zani. Na ce, 'Tabawa, kar ki taɓa zoben sai na dawo.' Ta ce, 'Haba ƙawata.' Ina bakin famfo na ji uwar kicin ta shigo tana faɗan kunu ya makara. Na ji Tabawa da kunnena: 'Hajiya, ai Lantana sai ta gama gaisawa da bango. Ni ba na ɓata lokaci.'

"Sai huci. Sai ƙara. 'Yar siririya, ta jariri.

"Na shigo a guje da Hanne a hannu. Hajiya ta riga ta fita, ita ba ta ji komai ba. Kicin ya yi sanyi, alhali tukunya na tafasa. Matar na tsaye a bakin ƙofa, rungume da abin da ba zan faɗa muku ba.

"Ta ce, 'Wa ya ja?'

"Tabawa ta ɗaga yatsa. Ko rawa bai yi ba. Ta ce, 'Ga mai tukunya nan.'

"Na buɗe baki zan yi musu, sai na ga idon matar na kan Hanne. Ta fara takowa. Na mayar da yarinya baya, na miƙa hannun dama. Na ce, 'Don Allah, ga hannu. Bar mini 'yata.'

"Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama."

Yaya Lantana ta miƙa hannun ta ɗauki garwashi daga mangal ɗin da ke gefenmu, ta riƙe kamar tsakuwa, ta ajiye. Babu wanda ya motsa.

"Tun ranar ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Ko zazzaɓin Hanne da kumatu nake aunawa. Hajiya ta ce mai irin wannan hannu ba ta riƙe tukunya, ta ba Tabawa."

Na tambaya a hankali, "Ita kuma ba abin da ya same ta?"

"Ƙalau take, har ta yi ƙiba. Yanzu da kanta take ƙwanƙwasa bangon." Ta goge tokar a zani. "Kar ku bi bayan kicin da asuba ku kaɗai. In kuma kun ga Tabawa gobe a gidan suna, ku gaishe ta. Ni ma takan rungume ni, ta ce ƙawata."