Awa Biyun da Suka Ɓace

An fasa auren Fanna da Kamilu ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura shi a Tsanyawa. Awa biyu ne suka jawo.

Wata takwas da suka wuce, da Kamilu ya tafi aikin gini a Madina, kowannensu ya saka manhajar ƙidayar lokaci a wayarsa, ya zaɓi ranar ɗaurin aure, ƙarfe sha ɗaya na safe. Manhajar tana bin agogon ƙasar da wayar take ne. Madina tana gaban Kano da awa biyu, saboda haka kullum lissafinsa yana ƙasa da nata. Kowace safiya yakan turo mata hoton fuskar wayarsa.

"Kin gani, Fannata? Na fi ki ɗoki da awa biyu!"

Ranar Litinin tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida hoton ya shigo: kwana sha biyu, awa biyu, minti arba'in. Ta duba nata. Babu bambanci.

Ta bi tsofaffin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kwana sha tara ke nan lissafinsu yana tafiya tare.

Ta kira shi.

"Masoyi, kana ina?"

"Ina kuwa? Wajen aiki, rana kamar ta gasa mutum..."

"Ƙarfe nawa a wajenku?"



"Goma... da rabi."

"Mutumin da ke Madina ba ya lissafi, Kamilu. Dubawa yake yi. Yaushe ka sauka Kano?"

"Fanna, tsaya ki ji..."

"Yaushe?"

"Wa ya gaya miki? Humaira ce?"

Humaira 'yar ƙanwar babarta ce da ke Ungogo, ita ta zaɓa mata ankon biki. Fanna ba ta ambaci sunanta ba, ba ta ma kawo ta a rai ba.

Ta kashe wayar.

Washegari ta sami mahaifinta, Malam Gana, a zaure bayan ya sallami ɗalibansa. Tun farko bai so wannan aure ba, ita ta matsa.

"Baba, a mayar musu da kayansu."

"Kin tabbata, uwata?"

"Na tabbata."

Bai tambayi dalili ba. Kafin la'asar akwatunan lefen sun bar gidan a bayan a-kori-kura.

Har yanzu Kamilu bai faɗi inda ya yi kwanakin nan sha tara ba. Wayar Humaira a kashe take. Fanna ba ta goge manhajar ba. Yau da safe ta nuna saura kwana goma.